Ba Tsirfa Ba Ce: Gwaggo Rakiya da Gyaɗa

Ranar Laraba ce, muna ajin girki, Malama tana nuna mana yadda ake tankaɗe fulawa, sai aka aiko daga ofishin shugabar makaranta ana nemana. Na tarar da Baba tsaye a baranda da kayansa na zuwa ofis, hularsa a hannu. Baba ba ya cire hula a gaban mutane. Ya ce, "Hadiza, ɗauko jakarki. Gwaggonki Rakiya ta rasu." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, amma maganar ba ta shige ni ba sai da muka isa Abakwa na ga takalman mutane sun cika ƙofar gidanta har bakin kwata. Bayan la'asar aka kai ta.

Ni ba mai magana ba ce. A aji, ko na san amsa, sai Malama ta kira sunana kafin in buɗe baki. Amma tun ranar da aka kai Gwaggo nake jin ana faɗin abubuwa a kanta waɗanda ba haka suke ba, kuma ta bar 'yarta Bilki, mai shekara huɗu, wadda rayuwarta ta rataya a kan a san gaskiyar. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Gwaggo Rakiya ƙanwar mahaifina ce. Aikinta a asibiti shi ne tsara abincin marasa lafiya. Likita ya rubuta magani, ita kuma ta rubuta abin da za a ci da abin da za a bari. Mutane suna ce mata Sista, tana gyara musu: "Ni ba na allura. Tawa allurar a tukunya take." Mai ciwon sukari ta sa a dafa masa acca, mai hawan jini ta rage masa gishiri, kuma tana zama a bakin gado ta yi wa mai jinya bayani har sai ta ga ya gane.

Ita kanta kuwa ba ta cin gyaɗa. Ba ƙinta take yi ba, jikinta ne ba ya ɗauka. Baba ya ce tun suna yara, in ta ɗanɗani ƙuli-ƙuli sai leɓɓanta su kumbura, jikinta ya yi ruɗu-ruɗu, numfashinta ya riƙa fita da ƙyar. Da ta girma abin ya ƙaru, har ko ƙamshin suyar gyaɗa sai ya sa idonta ruwa. A ƙasar da ake zuba man gyaɗa a kowace miya, wannan ba ƙaramar jarrabawa ba ce. Da manja da man shanu take girki. In za ta biki ko suna, sai ta ƙulle nata abincin cikin ɗan kwanon samira ta tafi da shi. In an ajiye mata abinci, tambayarta ɗaya ce: "Da wane mai aka yi?"

Wannan tambayar ita ta jawo mata baƙin jini. Kowa ya san yadda muke: wanda ya shiga gidanka ya ƙi cin abincinka, ko dai ya raina ka, ko yana zargin ka sa masa wani abu. Dangin mijinta suka sa mata suna Baturiya. Suka ce boko ne ya hau mata kai, suka ce tsirfa ce, wasu suka ce ƙyanƙyami. Na taɓa jin wata ta faɗa mata a fuska, a gidan biki, cewa ai kwanon nata ma da ta zo da tabarmarsa. Gwaggo ta yi dariya ta ce, "Yaya, ban ƙi ki ba, ban ƙi gidanki ba. Ki ba ni ruwa in sha randa guda." Ta sha ruwan kuwa, ta buɗe kwanonta, ta ce kowa ya sa hannu. Ba ta taɓa ɓoyewa a ɗaki don ta ci abincinta ba. A tsakiyar mata take zama.

Abin da masu kiran ta Baturiya ba su gani ba, ni na gani. A shekarun farin nan da aka yi, lokacin da ake kawo yara daga ƙauyuka ƙafafu a kumbure, gashi ya yi ja, na sha bin ta asibiti in muna hutu. Da kunun gyaɗa ta tashi yaran nan. Sai ta tsaya daga bakin ƙofar kicin, ta rufe hanci da gefen gyalenta, tana faɗa wa masu girki gwangwani nawa na gyaɗa, nawa na gero. Ba ta iya ɗanɗanawa, don haka uwar yaro take miƙa wa ludayi ta ce, "Ɗanɗana mini, Inna. Ya yi kauri? In kin koma gida haka za ki dama." Na tambaye ta ko ba ta jin haushin gyaɗa. Ta ce, "Haushin me? Abin da yake tashin yaran nan shi yake kwantar da ni, kuma Ubangiji ɗaya ne ya yi mu. Nawa dai in sani, su ma su sani."

Ba ta tsoron manya. Akwai wani babban ma'aikacin gwamnati da aka kwantar saboda hawan jini, ta hana shi gishiri da nama mai kitse. Tana shiga ɗakinsa wata safiya sai atishawa ta kama ta. Ta tsaya ta ce, "Ranka ya daɗe, tsiren yana ƙarƙashin matashin kai ko a aljihun riga?" Ya rantse ba komai. Ta ce, "Hancina ba ya karɓar rantsuwa." Ya fito da shi yana dariya, ƙunshe cikin jarida. Mutumin ya zo gaisuwa ranar uku, shi ya ba Baba wannan labari, yana share hawaye.

Bilki tana da shekara biyu wani ya ba ta ɓallin ƙuli-ƙuli, bakinta ya kumbura nan take. Gwaggo ta gane ciwonta ne 'yarta ta gado. Dangin uban yarinyar suka ce a'a, uwa ce take koya wa 'ya tsirfa.

Yanzu zan faɗi abin da aka ce kada in faɗa. Ranar Larabar nan an yi suna a Kawo, a gidan Inna Asabe, yayar mijin Gwaggo. Gwaggo ta biya da hantsi kafin ta wuce aiki. Inna Asabe ta tare ta da murna ta ce yau ba sai ta buɗe kwanonta ba, ta dafa mata shinkafa a tukunya daban. Gwaggo ta yi tambayarta ta kullum, aka ce mata manja ne zalla. Waɗanda suke wurin sun ce ta ji daɗi ƙwarai, har ta ce, "Yau ni ma zan ci abincin gidanmu." Shekarunta bakwai da aure, ranar ce ta fara cin girkin dangin mijinta. Loma kaɗan ta yi maƙogwaronta ya toshe. Kafin a samo mota a kai ta asibitin da take aiki, rai ya yi halinsa.

Ranar uku ina wanke kwanuka a bayan madafa na ji Inna Asabe tana magana da Mama cikin kuka. Ta ce, "Cokali biyu fa na zuba, na man da na matse da hannuna. An ce in mutum ya ci abin da yake ƙi bai sani ba, shi ke nan ya rabu da shi. So nake ta warke ta zama kamar kowa." Mama ta ce ta yi shiru, kwana ne ya ƙare. Da Mama ta juyo ta gan ni, ta ce, "Abin da kika ji, ki bar shi a nan."

Na yarda kwana ne ya ƙare. An koya mini haka a makarantar allo, kuma ban taɓa shakka ba. Na kuma yarda Inna Asabe ba ta nufi sharri ba. Amma in aka rufe maganar, wani zai sake yi wa Bilki irin wannan maganin, da irin wannan kyakkyawar niyyar.

Ranar sadakar bakwai aka dama kunun gyaɗa a babbar tukunya. Tsakar gida cike da mata. Hajiya, kakar Bilki ta wajen uba, wadda aka ce ita za ta riƙe yarinyar, ta zaunar da ita a cinya, ta sa aka zubo kunu a ƙaramin ƙoƙo. Ta ce, "Zo ki sha, 'yar marainiya. Daga yau an daina wannan iyayin."

Ban san lokacin da na tashi ba. Na durƙusa a gabanta, na sa hannu biyu na karɓi ƙoƙon. Na ce, "Hajiya, ki gafarce ni. Ba za ta sha ba."

Hajiya ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ke 'yar gidan wa ce?"

"'Yar wan marigayiya ce," in ji wata. "Ga wata Baturiyar tana tasowa."

Hajiya ta ce, "Da kunun nan na raini ubanta, ga shi can ƙato a zaure. Ko guba na zuba?"

Mama ta ce, "Hadiza, ajiye ki fita."

In na ajiye, za a ba Bilki. In na zubar, na wulaƙanta abincin sadaka kuma na tabbatar da duk abin da ake faɗa a kan Gwaggo. Sai na kafa kai na shanye shi duka, da zafinsa, har harshena ya ƙone. Na ajiye ƙoƙon na ce, "Kununki ya yi daɗi, Hajiya, ba a ƙi shi ba. Amma duk wanda aka zuba wa Bilki, ni zan sha. Ko tukunyar ce gaba ɗaya."

Wata tsohuwa ta yi 'yar dariya ta ce, "To, a ƙaro mata, mu ga cikin." Ba wanda ya taya ta.

Inna Asabe ce ta taso daga inda take. Ta zo ta durƙusa kusa da ni, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Hajiya, ki bar yarinyar nan. Ni na zuba wa Rakiya man gyaɗa a shinkafa. Ta tambaye ni, na ce mata babu. Ba tsirfa ba ce, Hajiya. Na gani da idona."

Hajiya ta daɗe tana kallon Inna Asabe, 'yarta. Sannan ta sa gefen zanenta ta goge bakin Bilki, ko da yake kunun bai taɓa shi ba, ta goge, ta sake gogewa.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Mama ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, ta ce na kunyata ta cikin mutane. Har yau akwai masu cewa na tona asirin gida, akwai kuma masu cewa ai iska ce ta taɓa Gwaggo. In na gaida Hajiya, da ka take amsawa. Amma Baban Bilki ya kira ni zaure a gaban Baba, ya ce in rubuta duk abin da na san uwarta tana hana ta. Na rubuta da boko, Baba ya juya shi da ajami don Hajiya ta karanta da kanta: ƙuli-ƙuli, tsire, kilishi, miyar taushe, ƙosan bakin hanya, da duk abin da ba a san man da aka soya shi ba. Hajiya ta ce shekara da shekaru tana girki, yau 'yar makaranta ce za ta koya mata. Washegari ta aika kasuwa aka sayo sabuwar tukunya da sabon ludayi, ta hana kowa taɓa su.

Kowace Asabar ina tashi daga Badarawa in je in ga Bilki. Ina koya mata ta riƙa tambaya kafin ta ci abu a hannun kowa, kuma kada ta ji kunya. Za a ce mata mai tsirfa, na sani. A faɗa. Ni dai roƙona ga duk wanda ya karanta wannan, in baƙo ya ce maka jikinsa ba ya ɗaukar wani abinci, ka yarda da shi, kada ka gwada shi a ɓoye.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Rakiya, Ya gafarta mata, Ya haskaka kabarinta. Allah Ya sa yaran da ta tasa daga gadon asibiti su zama shaida a gare ta ranar hisabi, Ya ciyar da ita daga abincin Aljanna, inda ba sai ta tambayi kowa ba. Allah Ya yafe wa Inna Asabe, Ya sanyaya mata zuciya, don ta faɗi gaskiya a ranar da shiru ya fi mata sauƙi. Allah Ya ba Baban Bilki da Baba da Hajiya haƙurin wannan rashi. Allah Ya raya Bilki, Ya tsare ta daga hannun maƙiyi da kuskuren masoyi. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.