Ranar Dawowa da Ban Rubuta Ba

Duk wanda ya tsara a ba yara dogon hutu a tsakiyar damina, na tabbata bai taɓa aiki a ɗakin kati ba. Ni a nan nake aiki, a wani ƙaramin asibiti a Birnin Kudu, kuma Agusta shi ne watan da sauro yake turo mana jama'a tun daga bakin taga har gindin darbejiya. Maigidana kuwa malamin gona ne. Duk rani yana ofis yana karatun jaridar bara, amma da ruwa ya zauna sai ƙauyuka su ɗauke shi, ba na ganinsa sai ya dawo da taɓo har gwiwa. A daidai wannan lokacin ne makaranta take miƙo mana 'ya'yanmu biyu da sakamakon jarrabawa, har da yi mana fatan a huta lafiya.

A shekarar da nake ba da labari, babbar tana da shekara tara, ƙanenta biyar. Babu dabarar da ban gwada ba. Na kai su gidan maƙwabciyata, mai nata bakwai, a kwana uku yaron ya dawo da zagi iri huɗu, ya gwada biyu a kan limamin unguwa. Na sa su lesin hutu, ashe sha biyu ake tashi, ni kuma sai huɗu, wato wanda ya tsara lesin ƙanen wanda ya tsara hutun ne. Na tafi da su wurin aiki, kafin in juya yaron ya samu hatimin ofis ya buga wa katin mutum ashirin, ya buga wa bango, ya buga wa goshinsa. Shugabar sashenmu ta dubi goshin, ta dube ni, ta ce ita dai a iya saninta nan ba gidan raino ba ne.

Da yamma maigidan ya ce, “Mu kai su wajen Inna mana.”

Inna mahaifiyarsa ce, tana can Dingaya ta ƙasar Gwaram. Na yi mamakin da shawarar ta fito daga bakinsa, don shi da Inna hirarsu ba ta wuce ta mutum biyu da suka haɗu a tasha. Ɗan fari ne, a Sundimina ya tashi wajen kakarsa. Inna ba ta kiran sunansa, ba ta ma kallonsa sosai. “Wannan” take ce masa, in ta ga dama ta ce “malamin gona”.

Kada in yi wa Inna dariya ni kaɗai, don ni ma haka nake. Da diflomata, da wayata ta shafa, da duk iyayin da nake yi a ofis, sunan 'yar farina bai taɓa fita daga bakina ba. “Ke” nake ce mata, ko “waccan yarinyar”. Sunan ƙanenta kuwa na kira shi har ya tsufa. Haka na ga uwata ta yi, haka na yi, kuma ina jin daɗin a ce ina da kunya.

Na zauna da rula da biro na tsara takarda. Lokacin tashi, lokacin karatu, a ɗaura gidan sauro kafin magariba, ban da zuwa kududdufi, ban da ɗanyen mangwaro ko da babu shi a damina. Komai na rubuta sai abu ɗaya. Da na zo kan ranar dawowa sai hannuna ya tsaya. Ta yaya zan rubuta wa surukata ranar da za ta maido jikokinta, kamar na ba ta aron tabarma? Na ce wa maigidan shi ya faɗa mata da baki. Ya ce ai wannan ba komai ba ne.

Mun isa da hantsi, bayan motarmu ta maƙale sau biyu. Inna ta tari yaron da tsiya irin ta kaka. “Ga mijin nawa, ko goro babu, sai ƙaton kai!” Na miƙa mata takardata da hannu biyu. Ta karɓa, ta sa mini albarka, ta ninke ta huɗu ta cusa ƙarƙashin ƙafar wani benci da yake rawa. Bencin ya daidaita, wannan kam ba zan musa ba.

Sai ta jawo yarinyar jikinta, ta daɗe tana kallonta.

“Shekara tara,” in ji ta. “Har na cire rai. Ashe kun tuna da ni.”

Matan gidan duk suna tsaye. Abin da ake faɗa a irin wannan wuri shi na faɗa, kaina a ƙasa, muryata kamar ta sabuwar amarya.

“Ai taki ce, Inna.”

Mata suka ɗauki “madalla” da “'yar mutunci”. Na ji kaina ya yi girma. Har muka shiga mota ina murmushi, sai da muka hau kwalta na tambayi maigidan ko ya faɗi ranar.

Ya ce, “Ai ta sani.”

Mako uku na farko na ji daɗin duniya, ba zan ɓoye ba. Ina zuwa aiki kafin mai shara, ina dawowa in tarar da cokali a inda na ajiye shi. A mako na huɗu maigidan ya biya ta Dingaya ya dawo da yaron shi kaɗai, wai Inna ta ce a zo a ɗauki mijinta, ci yake yi ba ya noma. Na tambayi ina yayarsa.

Yaron ne ya ba ni labari, bakinsa cike da masara. Inna ta saya wa Yaya 'yar akuya. Inna ta yankar wa Yaya gonar kuɓewa a bayan gida. Tela ya zo ya auna Yaya.

“Auna ta da me?”

“Kayan makaranta. Kore da fari.”

Makarantarsu ta Birnin Kudu shuɗi ake sawa. Na zauna a bakin gado. Washegari saƙon Inna ya iso ta bakin wani direba, cewa in an samu sarari a aiko da takardar canjin makaranta kafin a koma. Riƙo Inna ta karɓa, da shaidu, kuma ni da bakina na ba ta.

Daga nan na buɗe ma'aikatar tura jakada, kuma jakadana ɗaya ne. Zuwan farko ya dawo da ɗanyar masara. Na biyu ya dawo da zabo. Na uku ya dawo da man shanu da kuɓewa, wai nunar fari ta gonar yarinyar. Mutumin da yake tara manoma ɗari a gindin bishiya ya yi musu faɗa kan tazarar shuka, shi ne ya kasa haɗa kalma biyar a gaban tsohuwa ɗaya.

“Me ka ce mata?”

“Mun gaisa.”

“Sai kuma me?”

“Ta ce a gaishe ki.”

Da na ga jakada ba shi da amfani sai na koma waya, na shiga ƙarya da sallama. Na ce likita yana son duba idon yarinyar. Inna ta ce idon da yake tsince tsakuwa a shinkafa kafin ita ta gani, lafiyarsa ƙalau. Na ce Islamiyya za su yi jarrabawa. Ta ce malamin zauren gidansu ya riga ya ƙara mata izu guda. Na ce shugabar makarantarsu ba za ta yarda ba. Ta ce, “Ita ta haife ta?” Na kawo dalili ya fi goma, kowanne da takalminsa da hularsa, amma na gaskiyar ban kawo shi ba. Ina kewar 'yata. Ina shiga ɗakinsu in ga katifarta a jingine, in fito in rufe ƙofa. Wannan kuwa ba maganar da uwa take faɗa ba ce a kan 'yar fari, balle ga suruka.

Ranar Asabar ta ƙarshe, saura kwana biyu a koma makaranta, na ce wa maigidan ya tayar da mota.

Bayan gaisuwa na zagaya bayan gida. Yarinyar tana tsugune tana ba akuyar ganye. Ta yi baƙi, ta yi ƙiba, an yi mata kitso irin na ƙauyen. Ta gaishe ni da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙuwa.

Na ce, “Ke, ba kya son komawa gida ne?”

Ba ta ɗago ba. “Ai ke kika ce ni ta Inna ce.”

“Wannan ai magana ce kawai.”

“Na ji sanda kike waya. Inna tana sa ta a amsa-kuwwa.” Ta ja kunnen akuyar a hankali. “Kin ce likita ne yake nemana, kin ce malamai ne suke nemana. Ban ji kin ce ke ba.” Sannan ta ƙara, ba da fushi ba, kamar mai faɗin farashin gishiri. “Inna tana kiran sunana. Da safe ma sau uku.”

Ni da nake ganin kaina gwanar magana, sai ga yarinya ta kayar da ni a cikin kuɓewa. Shekara tara ina tara yabon mata, ashe yarinyar tana lissafin nata daban.

Muka dawo tsakar gida. An shimfiɗa tabarmi, mata sun taru, maigidan yana can bakin zaure yana nazarin takalminsa. Inna ta fito da kayan makarantar, kore da fari, a goge, ta ɗora a cinya.

“Kin zo da takardar?”

Na ce, “Ban zo da ita ba, Inna.”

Yarinyar tana tsaye can jikin rumbu. Na ɗaga kai na kira sunanta. Cikakke, da ƙarfi, yadda aka raɗa mata shi. Ya fito mini wani iri, kamar na sa sabon takalmi. Ta juyo a firgice, don ba ta san muryata da wannan kalmar ba.

Na ce, “Zo nan. Inna, ki yi haƙuri, ki yafe mini. Ba likita, ba malamai. Ni ce nake son abata. Ba na iya cin abinci in ba ta gidan.”

Wata ta tafa hannu. Wata ta ce, “La ilaha illallahu, 'yar farin?” Wata daga baya ta ce ai dama boko haka yake mayar da mutum. Duk mutuncin da na tara tun ranar aurena ya zube a tabarmar nan, ina kallo. Yarinyar ta zo ta zauna a jikina, ta riƙe gefen mayafina tamau.

Inna ta daɗe tana shafa kayan makarantar. Da ta yi magana ba ni ta kalla ba, bakin zaure ta kalla.

“Nawa yana shekara huɗu aka zo aka tafi da shi Sundimina. Wai na kwana biyu, kafin a gama noma.” Ta ninke rigar. “Kullum ina cewa gobe zan aika. Ban iya faɗa ba. Da ya dawo, da gemunsa ya dawo.”

Mai maganar boko ma ta sunkuyar da kai.

“Na ɗauka nawa rabon ne ya zo,” in ji Inna. Ta miƙo mini kayan. “Ungo, ta riƙa sawa a gida. Akuyar a bar mini, ta zo ta riƙa ganinta da hutu. Ki rubuta ranar a takardarki, wannan karon har da ta dawowa.”

Ta rako mu har mota, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta sa wa yarinyar albarka, ta sa mini. Sannan ta zagaya ta tsaya a tagar direba. Maigidan ya riƙe sitiyari da hannu biyu, idonsa a gaba. Na ga ta buɗe baki, na ga leɓenta ya ɗauko harafin farko na sunansa, na rantse na gani. Ya jira, mu ma muka jira.

Ta ce, “Kai, wannan. A bi hanya a hankali, akwai taɓo.”