Ranar da Ba Madu Ya Rage Hular Tahir

A layinmu na unguwar Fezzan akwai wata rumfar kwano da ke jingine da bishiyar maina. A nan Ba Madu yake wankin hula tun kafin a haife ni. Ni Keke Napep nake ja, kuma idan rana ta take a inuwar rumfar nake fakawa, shi ya sa na ga abubuwa da yawa a wurin.

Ba Madu gajere ne, kakkaura, sanƙonsa ya taso daga goshi bai tsaya ba sai ƙeya. A unguwar Shehuri aka haife shi. Ya ce da farko ɗinki aka kai shi koyo, sai ya ɗinka wa wani malami wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, malamin ya yi sati yana tafiya a karkace. Daga nan aka miƙa shi wajen kawunsa mai wankin hula, bai kuma sake motsawa ba. Kayan aikinsa ba su da yawa: baho biyu, buroshi, kwanon sitaci, dutsen guga na gawayi, sai katakai da aka sassaƙa kamar kan mutum, waɗanda ake ɗora hula a kai ta bushe ta tsaya. Kowane katako da sunan da ya raɗa masa. Ƙaramin shi ne Ɗan Firamare, sai Ango, sai Kansila, babban kuma Ciyaman.

Ba ya iya ƙarya ko ta kasuwa. Idan ka kawo masa hular da ta gaji, zai juya ta a hannu ya ce, "Wannan ta rasu, Alhaji. Ka yi mata sutura." Wasu su yi fushi su tafi, bayan sati su dawo.

Da gari ya rikice, aka hana acaɓa, shingen sojoji ya cika tituna, sai mutane suka koyi kama bakinsu. Ko sunan masu ɓarnar ba a faɗa, sai a ce "yaran nan", a waiga. A shekarar 2014 mutanen Konduga da Bama da ƙauyuka suka kwararo cikin gari, da yawansu da rigar jikinsu kawai da hula ɗaya. To, magidanci a garin nan ba ya yawo kai babu hula. Mai hula ɗaya idan ya kawo wanki, dole ya zauna a rumfar har ta bushe, yana ta shafa kai kamar wanda aka tuɓe.

Duk wanda ya zauna haka, Ba Madu sai ya cire tasa hular ya rataye a ƙusa.

"Ga nawa," in ji shi, yana buga sanƙon da tafin hannu. "Kalla da kyau, ka gode wa Allah."

Ba ya tambayar kowa daga ina ya fito ko wa ya rasa. Aikinsa yake yi, yana cewa "to", yana cewa "Allah sarki". Amma kafin hula ta bushe sai ka ji mutum ya fara zuba. Na taɓa tambayarsa ko dabara ce. Ya ce, "Wace dabara? Mutum na zaune kai a buɗe ni kuma da hula, sai in ji kamar ina cin abinci a gaban mai azumi."

Wata Laraba da hantsi Ya Gana ta tare ni a bakin layi. Maƙwabciyarmu ce, 'yar Konduga, amma ta fi shekara ashirin da aure a Fezzan, kuma idan tana magana a gidanta ana ji a namu. Tana riƙe da hannun ƙanenta Umara, dogon mutum siriri, da wata hula zanna da ta zurma masa har gira.

"Kai mu wajen Ba Madu," ta ce. Rumfar ba ta fi taku ɗari ba, amma ta shiga ta zauna, kuma kafin mu isa ta gama ba ni labari. Wata biyar ke nan da Umara ya iso daga Konduga da matarsa Kellu, kuma tun ranar bai yi magana ba, ban da salla da "to". Yayansu Tahir bai iso ba, babu wanda ya san inda yake. An kai Umara wajen malamai. An kai shi wajen wasu ma'aikata masu takarda da biro, sun yi masa tambaya talatin, ya kalli takalmansu har suka gaji. Yanzu Kellu ta haifi namiji, gobe Alhamis suna. Liman ya ce dangi na iya zaɓa, amma Kellu ta rantse babu mai sa wa ɗanta suna sai ubansa.

"Ga rago a ɗaure, ga goro, ga dabino," in ji Ya Gana, "ga uba kamar turmi."

Da muka isa ta fizge hular daga kansa ta miƙa. "Wushe, Ba Madu, sannu da aiki. A wanke wannan, ko ba zai yi magana ba ya fito fes." Ta wuce cefane.

Umara ya zauna a ƙarshen benci ya juya wa titi baya. Ba Madu ya rataye tasa hular, ya buga sanƙo, ya yi barkwancinsa. Ko motsi Umara bai yi ba. Da Ba Madu ya juya hular sai ya tarar an cusa tsumma da takardun littafi a naɗe a bakinta, don ta kama kai. Ya dubi hular, ya dubi kan Umara, ya kaɗa kai. A ganinsa sadaka aka ba bawan Allah, ba a duba lamba ba. Ya zare tsumman, ya wanke ta tas, ya ɗauko allura ya kama ta ta baya da ɗinkin da ba a gani, ya sa mata sitaci, ya ɗora ta a kan Ango.

Bayan azahar ta bushe. Ya goge ta, zaren ya fito yana walƙiya. Ya miƙa da hannu biyu, yana murmushi har kunne.

"Sa mu gani. Yanzu ta zama taka."

Umara ya sa. Ta zauna daram. Ya kai hannu ya taɓa gaba, ya taɓa baya, ya cire ta ya leƙa ciki. Sai ya miƙe tsaye.

"Wa ya sa ka?"

Muryar a shaƙe take, amma ta fito. Ta biyu kuwa har kajin maƙwabta sai da suka watse.

"Wa ya sa ka rage ta? Hular Tahir ce! Idan ya dawo me zai sa? Kai wane irin tsoho ne? Wanki aka ce maka ko ɗinki?"

Daidai nan Ya Gana ta shawo kwana. Ta saki ledar cefane, albasa ta gangara cikin kwata.

"Ya yi magana! La ilaha illallahu, ya yi magana! Ƙara, Umara, zage shi! Ba Madu, don Allah ka tsaya ya zage ka!"

Ba Madu bai yi dariya ba. Ya ajiye dutsen guga, ya sauko ya zauna a ƙasa a gaban Umara, alhali a haife ya haifi Umaran.

"Na yi laifi," ya ce. "Na ga kanka, na ga hula, na yanke hukunci ban tambaye ka ba. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Ɗinkin zan iya warwarewa yanzu. Amma sitaci ya riga ya kama ta a kan Ango, sai an jiƙa an mayar da ita kan da ya yi daidai da na mai ita. Ni kuwa ban san Tahir ba. Kai ka san shi."

Umara yana huci. Ba Madu ya jawo katakan ya jera masa.

"Kansila?"

Umara ya harari katakon. "Ya fi."

"Ciyaman?"

Umara ya ɗauki Ciyaman, ya kewaye shi da tafukansa, ya daɗe. "Ya fi wannan ma. Ta baya."

"Ai fa!" in ji Ya Gana. "Innarmu kwana biyu ta yi tana naƙudar kan nan. Har ta rasu ba ta daina faɗa ba."

Hayaniyar ta fito da Fidelis daga shagonsa na ƙwan lantarki da wayoyin wuta. Fidelis ya fi shekara ashirin a layin. Lokacin da 'yan uwansa da yawa suka kwashe kaya suka koma kudu, shi ya ce kayansa sun yi nauyi. Ya leƙo yana tambayar lafiya. Umara ya ɗago ya ƙura masa ido, ya zagaya ta bayansa, sannan ya nuna da yatsa.

"Kamar wannan."

"Kamar me?" in ji Fidelis.

"Zauna, maƙwabci," in ji Ba Madu, ya kifa masa bokiti a rana. "Yau Allah ya kawo amfanin kanka."

"Baba, kaina ba katako ba ne fa!"

"Mun sani. Katako ba ya surutu."

Aka warware ɗinkin, aka jiƙa hula, aka sake sa mata sitaci, aka danna ta a kan Fidelis. Ruwan sitaci ya biyo bayan kunnensa. Ba Madu ya kafa masa doka: ban da dariya, ban da ɗaure fuska, don idan goshi ya motsa bakin hula zai karkace. Ga Fidelis zaune a kan bokiti, da sarƙar giciye a wuya da zanna a ka, ya ƙame kamar mai ɗaukar hoton fasfo. Wani mai ruwa da ya zo wucewa ya ce masa, "Alhaji, ina wuni." Ya amsa ta gefen baki.

Umara ya durƙusa yana gyara zaman hular. "Ba haka yake sa ta ba. Yana ɗan turo ta gaba." Ya turo. Ya ja baya ya duba. "Muna yara ya taɓa zura kansa a tulun Inna zai lashi zuma. Sai da aka fasa tulun."

"An fasa da taɓarya," in ji Ya Gana, "yana ciki yana cewa a bi a hankali, akwai saura."

Kafaɗun Fidelis suka fara rawa.

"Fide! Goshi!" in ji Ba Madu.

Shi ke nan, kamar an ɓalle famfo. Umara ya ba da labarin ranar da Tahir ya yi karo da rago a gona, ragon ya zauna. Ya ba da na wanzamin da ya ce sai dai a raba askin kwana biyu. Ya Gana tana riƙe da ciki tana dukan cinyata kamar ni na yi mata laifi. Fidelis hawaye na zuba masa, yana nishi, yana roƙon a tsaya ya huta.

Can Umara ya zauna a ƙasa kusa da Ba Madu, muryarsa ta sauka.

"Ranar da muka fito, a gigice na suri hularsa, shi ya suri tawa. Muna gudu yana ce mini ɓarawo, tawa tana saman kansa kamar murfin kwano. Mun kusa rafi sai ya tuna da wani tsoho makaho maƙwabcinmu. Ya ce in wuce da Kellu, zai ɗauko shi. Na wuce. Ban ce mu je tare ba. Ko waigawa ban yi ba."

Na zaci Ba Madu zai ce ƙaddara ce, kamar yadda kowa ke cewa. Sai ya shafa sanƙonsa.

"Ni ranar da abu ya tashi a kasuwa, muna tare da matata Turai. Na tsinci kaina a gida, takalmi ɗaya, ita kuwa na baro ta da kwandon tumatir, ba ta dawo ba. Ba mai ciki na ja ba kamar kai, kaina kawai na ja. Har yau idan na tuna abinci ba ya wuce mini. Ba zan ce maka yana daina ciwo ba, don ni bai daina ba."

Umara ya dube shi sosai, karo na farko.

"Sunan ne ya tsaya mini a wuya, Ba Madu. Idan na ce Tahir, kamar na binne shi ne. Idan na ce wani suna, kamar na manta shi."

"Wallahi ban san amsar ba," in ji Ba Madu.

"Ni na sani!" Ya Gana ta share ido da bakin mayafi. "Kai sunan wa aka sa maka? Ba na Kawu Umara ba? Ranar sunanka yana zaune a zaure, shi kaɗai ya cinye rabin kan rago. Wa ya binne shi? Shekara goma sha biyar ya ƙara yana cin abincin mutane!"

Umara ya dube ta. Sai dariya ta kufce masa, ta haɗe da kuka, har ba a gane wanne ne wanne. Muka bar shi ya gama.

"Tahir," ya ce. "A gaya wa Kellu, sunansa Tahir. Idan babban ya dawo, shi zai yi wa takwaransa kaciya da kayan makaranta, tunda ya ƙi zuwa suna."

Ya Gana ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Ba a yi minti ɗaya ba 'yan gora biyu, samarin da ke sintirin unguwa, suka shigo layin a guje suna tambayar me ya faru, suka tarar da Fidelis a kan bokiti, suka tsaya suna kallo. Ita kuwa ta riga ta faɗa bayan Kekena.

"Ja mu je, ɗan nan, kafin ya koma turmi!"

Na tayar. Muna tafiya Umara ya biyo mu kai babu hula, a tsakiyar titi, yana ɗaga murya: a ce wa Kellu ta ci abinci, a ce wa liman bayan asuba ne ba da hantsi ba, kuma wa ya ɗaure ragon nan a rana tun jiya?