Faifan da Baba Ya Shanya

Ni ce mai wana garmaho, akwatin kiɗan nan mai faifai, a gidanmu. Ba don na fi kowa wayo aka ba ni aikin ba, sai don ba ni da surutu, kuma yatsuna ƙanana ne, suna iya ɗaure allura ba ta faɗi ba. A lokacin ina makarantar allo a unguwarmu ta bayan kasuwar Gusau. In an tashe mu da la'asar sauran yara su nufi wasa, ni in jingine allona in wuce zaure, inda Baba ya riga ya shimfiɗa tabarma yana jira.

Babana makaɗin kalangu ne na mahauta. Sanyin ƙashi ya kama masa yatsu har ya kasa matse tsarkiya, sai ya rataye kalangun ya koma tsaron rumfar wani akawu, mutumin bakin teku, mai awon auduga. Akawun nan ne mai garmahon. Kullum da yamma yana kunna shi, Baba yana zaune a bakin ƙofa yana ji. A shekarar da aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ya matso garinmu ciwo ya kama akawun, aka mayar da shi ƙasarsu. Da zai tafi ya bar wa Baba akwatin, da gwangwanin allurai, da 'yan fayafayai.

Yawancin fayafayan ba wanda ya damu da su. Akwai na badujalar soja, akwai na wata Baturiya da ke rera waƙa kamar an taka mata ƙafa. Guda ɗaya ne ya riƙe Baba. Baƙi ne kamar sauran, amma takardar da ke tsakiyarsa ja ce, don haka muke ce masa mai jar cibiya. Akawun ya faɗa wa Baba cewa jaz ake kiran kiɗan, kuma baƙaƙen mutane ne ke yin sa a wata ƙasa can bayan teku, jikokin bayin da aka kwashe tuntuni. Iyakar abin da muka sani ke nan. Sauran labarinsu a zaurenmu aka ƙago shi.

Mutum biyu ne ke taya Baba saurare. Ɗaya abokin Baba ne tun ƙuruciya, mai busa algaita, mutumin Tsafe, wanda muke kira Baba na Tsafe. Haƙoransa na gaba sun zube, busar ta fara gagararsa, yana zaune wurin 'yarsa a Gusau. Ɗayan kuma Kawu ne, ƙanin Inna, manomi a Bungudu, wanda ke shigowa da jakinsa ranar kasuwa. Kawu yakan ce shi bai ji komai a ciki ba sai jakai da ake lafta wa kaya suna gardama. Amma ban taɓa ganin ya tashi kafin faifan ya ƙare ba.

Ga yadda ake yi. In durƙusa, in buɗe murfi, in juya mariƙin har in ji ya fara yi mini tauri. In goge faifan da gefen zanena, in ɗora, in sauke allurar a hankali. Da farko sai shuu, kamar ana zuba gero a ƙwarya. Sannan masu kiɗan su shigo gaba ɗaya, kowa da tasa hanyar, wani mai ƙaho ya fito daga cikinsu ya hau sama ya bar su.

Mai ƙahon nan shi ne mutumin Baba na Tsafe. Tsohon yakan rufe ido, kumatunsa suna kumbura suna saɓewa. Ya ce mutumin bai iya ajiye iska a kumatu ba yadda masu algaita ke yi, dole sai ya tsaya ya ja numfashi, amma ya san inda zai saci numfashin ba a kama shi ba. Yakan ɗaga yatsa daidai wurin ya ce, "Kun ji ɓarawo. Ya sata."

Baba kuwa ba ruwansa da ƙaho. Shi makaɗin gangar yake nema, wanda da ƙyar ake jin sa a can baya. Ya ce an ajiye bawan Allah a bakin ƙofa kamar baƙon da ba a so, amma shi ke riƙe da su duka. Akwai wani wuri kusa da tsakiya inda kowa ke yin shiru na ɗan ƙiftawar ido, sai makaɗin ya bugi wani abu na ƙarfe sau ɗaya, tas, su sake rufowa. Wannan bugun Baba ke jira tun safe. Ya ce dattijo ne, ko shakka babu, don yaro ba ya iya barin fili haka bai cika shi da hayaniya ba. Baba na Tsafe ya ce ai ƙila hannu ɗaya gare shi, shi ya sa. Sun yi shekara suna wannan gardamar, ba wanda ya sauka.

Baba bai iya jin kiɗa ya tashi haka ba. A sana'arsu ba a yi wa mutum wasa ya tafi bai ce komai ba. In faifan ya ƙare sai ya ce wa akwatin sannu da aiki, ya ɓare goro ya ajiye ɓari a kan murfin. Kawu ya bari a ɗan jima, ya miƙa hannu ya ɗauke, ya ce shi ne wakilinsu a ƙasar Zamfara.

Sannan a ce in sake. In sake wanawa, in sake gogewa. Wata rana sai kiran magariba ke cetona. Kafaɗata ta yi tsami, gwiwoyina su ɗauki zanen tabarma. Na san kowane lungu na faifan nan yadda na san hanyar rijiya, har ya daina zama kiɗa a kunnena, ya zama aiki kamar surfe. Inna ma ta gaji. Ita ke dama furar da ake fitarwa zaure, ita ke rasa ni a lokacin da take buƙatar mai izon wuta. Takan ce mutanen cikin akwati ba sa gajiya, mu na waje ne ke gajiya.

Allurai suka ƙare. Baba ya riƙa wasa tsofaffin a kan dutse, ni ina ɗaurawa. Na lura duk lokacin da na cire allura akwai wani baƙin gari a bakinta, kamar kwalli. Ina share shi a tafin hannuna ina kallo, ban san daga ina yake fitowa ba. Na kuma lura layukan faifan sun fara yin toka-toka, ƙyallinsu ya ragu. Daga baya Kawu ya kawo ƙayar aduwa daga gonarsa, busasshiya, ya ce a gwada. Ta yi, sai dai muryar ta yi ƙasa, kuma kowace ƙaya ji ɗaya take yi ta dakushe. Sai dattawan suka matso da tabarmarsu, suka kafa kunnuwa a jikin akwatin kamar masu jin gulma.

Da damina ta kankama muryar ta ƙara dushewa. Shuu ɗin nan na farko ya daina tsayawa a farko, ya bi kiɗan har ƙarshe. Ƙahon yana nan, amma kamar mai mura. Makaɗin Baba kuwa ya yi nisa, bugun nan nasa sai wanda ya san wurin ne zai ji. Baba ya daina ɓare goro da fara'a. Wata yamma ya sa na ɗauko faifan, ya shafa shi da bayan hannu, ya kai shi kunci.

"Sanyi ne," ya ce. "Ji yadda ya yi. Ko kalangu in damina ta kama shi haka yake, murya ta mutu. Sai an nuna mishi rana."

Baba na Tsafe ya yarda nan take. Ya ce duk abin da ke da murya yana jin sanyi, shi ma bakin algaitarsa yana sauyawa da damina. Kawu ne ya ce wannan fa ba fatar akuya ba ce, wa ya san da me Nasara ya yi shi. Baba ya tambaye shi tun yaushe manomi ya fara koya wa makaɗi gyaran murya. Aka yi dariya, maganar ta wuce.

Da farko a hankali Baba ya bi. Da hantsi ya fitar da faifan ya riƙe a hannu, yana juya shi a rana yadda yake yi wa kalangu, yana taɓawa da yatsa, da ya ji ɗumi ya mayar. Da yamma aka kunna, su biyun suka ce lallai ya ɗan buɗe. Ni ban ji bambanci ba, amma ba a tambaye ni ba, kuma a lokacin na ɗauka kunnen manya ya fi nawa.

Sai aka shiga marka. Kwanaki ana ruwa ba a ga rana ba, bango ya jiƙe, tufafi suka yi warin gumi. Faifan ya zama kusan shuu zalla. Baba ya rage cin abinci. Ranar da gari ya washe, rana ta fito da irin zafin nan na bayan ruwa, ina makaranta. Na dawo daga karatun safe kusan azahar na tarar da tsakar gida cike da shanya: barkono, zannuwa, tabarmi. A kan murfin kwano na ƙarfe, bisa turmin da aka kife, ga mai jar cibiya. An kira Baba wurin wata jana'iza a unguwar mahauta, ya ce wa Inna kada kowa ya taɓa, yanzu zai dawo.

Gefensa ɗaya ya tashi sama, ɗayan ya lotsa, kamar busasshiyar fata. Na taɓa shi ya ƙone ni. Na tsaya a wurin da allona a hammata har Baba ya shigo. Ya daɗe yana kallo. Bai yi faɗa ba, bai nemi mai laifi ba. Ya ce, "Na bar shi ya daɗe." Har a lokacin bai ga laifin ranar ba, daɗewar kawai ya gani.

Inna ce ta yi dabara. Tun yana da ɗumi ta naɗe shi a tsohon zane, ta sa tsakanin allona da na yayana, aka ɗora dutsen niƙa a kai. Ya kwana biyu a haka, mu kuwa muka je makaranta hannu sake, Malam ya yi mana faɗa. Da aka fito da shi ya miƙe, amma ba duka ba.

Yammar ranar duka suna nan. Na wana, na ɗaura sabuwar ƙaya. Ƙayar ta riƙa hawa da sauka kamar jaki a kan kunyoyin gona. Ƙahon ya fito yana lilo, ya hau, ya zame, ya sake hawa. Baba na Tsafe ya ɗaga yatsa zai kama ɓarawonsa, ya rasa wurin, ya sauke hannun. Da aka zo tsakiya, inda kowa ke shiru, sai ƙayar ta yi tsalle ta faɗa gaba. Babu bugun. Baba ya ce in mayar. Na mayar, ta sake tsallakewa. Ya sa na danna kan ƙayar da yatsa. Ta bi layin, amma abin da ya fito gurnani ne, kuma na ga wani siririn baƙin zare yana murɗewa daga jikin faifan a bayan ƙayar. A nan ne na gane abin da nake sharewa a tafin hannuna duk wannan lokacin. Baba ma ya gani.

"Ɗaga," ya ce. "Ɗaga, ɗiyata. Cin shi muke yi."

Baba na Tsafe ya ce a ƙara gwadawa gobe, wataƙila in ya huce. Baba ya girgiza kai. Ya ce bugun yana nan a ciki, shi ya sani, ƙayar ce ba ta iya kaiwa gare shi, kuma in aka ci gaba da tono sai a kankare shi ya tafi gaba ɗaya. Gara ya zauna inda yake. Ya karɓi faifan, ya naɗe shi a zanen, ya sa a ƙasan akwatin tufafinsa.

Sun ci gaba da zuwa na ɗan lokaci. Aka gwada badujala, aka gwada Baturiyar, ba wanda ya ce a sake. Sai su zauna su sha fura, su yi zancen ruwa da farashin auduga. Baba na Tsafe ya koma garinsu bayan kaka. Kawu ya riƙa wucewa cikin gida kai tsaye wurin Inna.

Baba bai ƙara sa an kunna mai jar cibiya ba har ya bar duniya. Wani lokaci, in ana fitar da tufafi don a sha iska, yakan ɗauko ƙunshin ya auna nauyinsa a hannu, ya mayar bai buɗe ba. Ni kuwa kafaɗata ta huta. In an tashe mu da la'asar sai in wuce ta zaure, in gaishe shi yana zaune shi kaɗai, in shiga in kama wa Inna izon wuta.