Shamuwar Ɗan Azumi

Mahaifina Ɗan Azumi ba malami ba ne, ba boka ba ne, kuma duk wanda ya ce maka duba yake yi, ka turo mini shi. Manomi ne kamar kowa a Madarumfa: hatsi, 'yar gyaɗa, wake a tsakani. Abin da Allah ya ba shi daban, ido ne. Idan bazara ta tsananta, yakan fita bayan asuba ya hau tudun da ke gabas da tabki ya tsaya. Shi ke fara hango shamuwa tun tana ɗigo-ɗigo a sama, shi ke fara ganin walƙiya can ƙasan gabas tun kowa bai gani ba. In ya sauko ya ce, "A yi binne," to sai ɗaukar sungumi.

Binne kuwa shi ne a zuba iri cikin busasshiyar ƙasa a rufe, ruwan farko ya tarar da shi a ciki. Mai binne ya riga kowa cin sabon hatsi. Amma in ruwa ya makara, irin ya zama na ɓera da tururuwa da zabi. Shi ya sa ba a yi sai da maganar mai ido. Ranar kasuwa har daga Safo da Gabi ake zuwa a kan jaki a tambaye shi. Ni Rabi, babbar 'yarsa, na yi taƙama da wannan har na ishi dangin mijina.

Sai shekarun fari sunka shigo. Rumbuna sunka zama fanko, maza sunka bi hanyar Najeriya ci-rani, har da nawa mijin, ni kuma na dawo gidanmu. Abin da ya rage wa mutane iri ne kawai. Maƙwabciyarmu Ɗelu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara ƙanana, ta zuba nata cikin tulu ta liƙe bakin da laka, don kada kukan yara ya sa ta daka shi. Dusa da ganyen tafasa suke ci, tulun yana ƙarƙashin gado.

Wata safiya Baba ya sauko daga tudu da sauri kamar yaro. Ya ce shamuwa ta cika gabas, walƙiya kuma tana ta yankawa a gefen dama. Sule mai keken jaki, da ya bi shi ran nan, ya ce, "Baba, ni fa wallahi ban ga kome ba."

Mutane sunka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Da kana gani, Sule, ai da kai ake tambaya."

Ɗelu ta shigo gidanmu ta durƙusa. "Baba, in buɗe tulun?"

"Buɗe, Ɗelu. Ruwa na hanya."

Ta buɗe. Gari duka ya fita, mu ma munka zuba namu. Sai munka zauna jira. Sama ta yi fari fat. Zabi sunka shiga gonaki suna tono, tururuwa na jan iri a layi kana kallo. Baba kuwa kullum ya sauko sai ya ce shamuwa ta ƙaru. Can aka ɗan yi yayyafi, daidai wanda zai tsirar da abin da ya rage, rana ta fito ta ƙone shi ƙurmus.

Ranar da abin ya bayyana, da hantsi ne. Na kai masa kunu cikin ɗaki, na ga yana ta kore ƙuda daga bakin ƙwarya. Na ce, "Baba, ina ƙuda a nan?" Ya ɗaga kai ya dubi farin zanen da na shanya a ƙofa, ya juya ido hagu, ya juya dama. Ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya sake, ya rufe ɗayan.

"Rabi," ya ce, "shamuwar nan tana cikin ɗakin nan. Duk inda na duba tana bi na." Ya runtse idanu gam. "Ga walƙiyar ma. Innalillahi! A cikin idona take."

Na roƙe shi ya yi shiru. Na ce fari ne, ya ci kowa, wa zai ce laifinka ne? Ko kallona bai yi ba. Bayan la'asar ya tsaya ƙofar masallaci ya faɗa da bakinsa cewa shamuwar da walƙiyar a idonsa suke, kansa a ƙasa. Ina bayan danga ina ji, kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga can ya wuce gidan Ɗelu ya tsaya daga waje, dattijo da furfura, yana neman gafarar yarinyar da ya kusa yin jika da ita.

Ɗelu ta ce, "Ba kome, Baba, haka Allah ya so." Da zaginsa ta yi, wallahi da ya fi sauƙi.

Da ruwan gaskiya ya sauka daga baya, masu dangi sunka samo ɗan iri sunka sake shuka. Ɗelu ba ta da kowa. Baba ya bi gida gida yana nema mata, bai samu ko cikin tafi ba, kowa da nasa yake ji. Ta kwashi yaranta ta hau motar wani ɗan kasuwa mai zuwa Jibiya. Ba ta dawo ba. Ɗakinta ya rushe a gaban idonmu, kuma ta nan Baba ke bi zuwa masallaci.

Kafin kaka, wani duhu ya taso masa daga gefen idon dama kamar an ja baƙin zane, yana ci a hankali har ya rufe. Da mijina ya dawo ya kai shi wajen wani likitan ido a ƙetaren iyaka. Likitan ya ce ɗigon nan da walƙiyar nan gargaɗi ne, wani abu ne ke ɓallewa a cikin idon, kuma da tun ranar farko aka zo wataƙila da an yi wani abu. Mijina ya ce Baba bai ko tambayi magani ba. Cewa ya yi kawai, "Ashe ni ake yi wa gargaɗi, na je na faɗa wa gari."

Tun daga nan bai ƙara hawa tudu ba. Ya ɗauke tabarmarsa daga ƙofar gida ya mai da ita bayan rumbu, inda ba ya ganin gabas. 'Yan iska ba su ƙarewa, a kasuwa wani ya taɓa ce masa, "Ɗan Azumi, yau shamuwa nawa?" Na wanke wannan mutumin tas har sai da aka riƙe ni. Baba ya ce in bari, tambaya ce mutumin ya yi.

Ya ƙara shekaru a haka. Idon hagu lafiyarsa lau, allura ma yana zura mini zare. Wata bazara, bayan fari ya wuce, ina daka a gidanmu da yamma sai na ji an ja mini gefen zane. Baba ne, ya fito daga bayan rumbu. Ya nuna gabas da haɓa, bai ɗaga hannu ba don kada wani ya gani. Na duba, na duba, can ƙasa ƙasa sai na ga ta yanka, siririya.

Ya rage murya ya ce, "Rabi, ke ma kin ga wannan?"

Na ce, "Na gani, Baba. Walƙiya ce."

"Kin tabbata?"

"Na rantse."

Ya tsaya yana kallonta, hawaye na zuba daga ido mai gani da marar gani duka. Sannan ya juya mata baya.

"To ke je ki faɗa musu," ya ce. "Kada ki ce ni na gani."