Malam Idirisu Mai Kobet, da Wutar da Na Ɓoye Masa

Mai bayarwa ya karɓi abinsa. Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, bayan la'asar, Allah ya yi wa Malam Idirisu makanisiye, mai gyaran mota, rasuwa a gidansa da ke unguwar Birni a Damagaram, bayan jinyar wata biyar. Ni Mai Nasara mai walda, shekara arba'in muna garu ɗaya da shi, shi ya sa na ga ya kamata in faɗi abin da na sani.

Malam, duk Damagaram da motarka aka san ka, jar Kobet ɗin nan ta Amurka, wadda wani ɗan kasuwar Kano ya gaji da gyaranta ya bar maka. Kai ka koya mana cewa tun 1953 kamfanin Chevrolet ya fara ƙera irinta, taka kuma ƙirar 1963 ce, mai gilashin baya rabe biyu, mai fitilun da ke ɓuya cikin hanci sai an kunna su juyo. Silinda takwas gare ta. In ka tayar da ita kajin unguwa sai su watse. Amma cikinta a ƙasa yake, rairayin Birni kuwa bai san darajar Amurka ba, rabin tafiyarta mu muka tura.

Ba ka taɓa yin rowarta ba. 'Yar talaka in za a kai ta ɗakin miji, kai ke zuwa da kanka ka ɗauke ta, ko kuɗin man da ka ƙona ba ka karɓa. Kujera biyu ce tak, saboda haka gwaggonnin amarya sai su bi ku da ƙafa suna mita, kai kana tafiya a hankali kana dariya.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A shekarar 2003 ka tafi bikin suna a garin Garagumsa, ka bar mini mabuɗin gareji. Na ga tsaguwa a gefen motar, na ce bari in burge aboki. Ka sha gaya mini jikinta ba ƙarfe ba ne, zaren gilashi ne da ƙaro aka daskarar. Ni kuwa da girman kan mai sana'a na ce ina aka taɓa yin mota ba ƙarfe? Na kanga mata wutar walda. Kafin in ce me, gefen ya kama, ya ƙone har ƙofa. Da ka dawo na ce maka garwashin shayin da ka bari ne iska ta kwaso. Ka dube ni, ka ja tamfol ka rufe ta, shekara biyu kana faci da hannunka. Ni kuma shekara ashirin da biyu ina cin tuwon gidanka da wannan ƙarya a wuyana.

Da ciwo ya kwantar da kai, tsoro ya kama ni kada ka tafi ban faɗa ba. Sau uku ina zuwa ƙofa ina komawa. Ranar Juma'a maiɗakinka Ramlatu ta tare ni ta ce, "Malam Mai Nasara, shiga mana, tun safe yake cigiyarka."

Na durƙusa na faɗa maka duka. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, ka ce, "Haba maƙwabci! Garwashi ya taɓa yin ƙuna a miƙe kamar layi? Tun ranar na gane hannunka, kuma tun ranar na yafe. Na ƙi tona ka ne don kada kunya ta raba ka da gidana."

Na yi kuka, Malam, amma na fito daga ɗakin nan sakayau, kamar wanda aka sauke wa buhun gero daga ka. Kwana huɗu bayan haka ka cika. Ina baƙin cikin rashinka, ba zan ɓoye ba, amma wallahi na gode wa Allah da ya ara mini waɗannan kwanaki, ya kuma hutar da kai daga ciwon da ya hana ka ko juyawa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ramlatu, da 'ya'yanka Nura da Hafsa, da dukan makanisiyoyin Damagaram. Allah ya ba su haƙuri. Allah ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ya Ubangiji, wannan bawa naka ya yafe mini shekara ashirin da biyu kafin in roƙe shi. Ka yafe masa kafin ya roƙe ka.