Tsohon Umluj da Ya Kira Ni da Sunan Mahaifina

A shekarar da na bar aikin gidan burodi na koma gyaran famfo na sayi babur, wanda mu yaran Madina muke kira dabbab. Ja ne, na hannu, sai an lallashe shi yake tashi. A unguwar Bani Harisa ta Madina aka haife ni, kuma har na yi gemu ban taɓa ganin teku ba. Abokaina biyu na makaranta sun riga sun bar gari: ɗaya yana Yanbu inda ake ta gine-gine a bakin ruwa, ɗayan kuma ya koma Umluj wurin mahaifinsa suna kamun kifi. Da alhazai suka watse gari ya yi sauƙi, na ɗaure jarkar ruwa da kwandon dabino a bayan babur na kama hanya ni kaɗai.

Kusa da Badar wata farar mota ta taho daga gabana tana ta zabga mini hon. Na zaci na shiga hannunta ne, na kauce har na kusa faɗawa cikin yashi. Da na isa Yanbu na sami ɗakin abokina da kwaɗo. Maƙwabcinsa, wani lebura mutumin Nijar, ya leƙo.

"Wa kaka biɗa? Ai ya tahi Madina da sahe, ya ce za shi wurin wani abokinai mai babur."

Na tsaya riƙe da dabino ina kallonsa. Sai a lokacin na gane mai hon ɗin. Ban san ko in juya ko in ci gaba ba. Mutumin ya ba ni shayi da tabarma, washegari na ga tunda na zo nan, gara in ƙarasa arewa zuwa Umluj.

Teku na hagu da ni, shuɗi har ya ɗauke ido. Sai hanya ta rabu da shi ta shiga duwatsu, in ɗauka na ɓata, can kuma ya sake ɓullowa ta inda ban zata ba. Duk makiyayin da na tambaya Umluj sai ya nuna da haɓa ya ce, "Garib," wato kusa ne, ni kuwa in yi ta tafiya ba gari ba alamarsa. Bayan la'asar na shiga, fuskata duk gishiri.

Abokina ya rungume ni yana ta zuba Larabci, don Hausarsa ta riga ta yi nauyi. Ya ja ni tsakar gida inda mahaifinsa ke zaune yana ɗinkin koma. Ban taɓa ganin tsohon ba, domin ya daɗe da barin iyalinsa a Madina ya tare a bakin teku. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ɗago ya dube ni, ya ajiye komar, ya kira ni da sunan mahaifina.

"Sai yanzu ka ga damar zuwa?"

"Baba, ɗansa ne ni."

Abokina ya taɓa ni, ya raɗa mini, "Khalli, ƙyale shi, bi shi a haka."

Tsohon ya riƙe hannuna. "Tun muna Damagaram ba ka da haƙuri."

"Baba, ai mu Kanawa ne."

Ya yi dariya har da tari. "Kano? Ratse muka yi, ko takalmi ba mu cire ba."

Daga nan ya ɓalle da labari, yana ba ni shi kamar ina wurin. Yadda muka taho a ƙasa, muka yi noman auduga a Sudan, muka shiga kwale-kwale a Sawakin ina ta amai ina rantsuwa ba zan ƙara kallon ruwa ba. Ina so in ce ruɗun tsufa ne, sai ya miƙa hannu ya shafa ƙwaurina na dama yana neman tabo. Mahaifina yana da tabon ƙuna daidai wurin. Da bai ji komai ba ya ɓata rai, kamar na ɓoye masa.

Can ya tambaye ni, "Ka sami labarin yayarka da muka bari a Sudan?"

Mahaifina bai taɓa ce mana yana da 'yar'uwa ba. Na ce, "Tukuna, Baba."

Da muke cin shinkafa da kifi na tambayi abokina me zan ɗauka a ciki. Ya ce kwanan baya tsohon ya kira wani likita Bamisire ƙaninsa, amma kuma bai taɓa manta inda kifi yake kwana ba. Na yi 'yan kwanaki a wurinsu, kullum da safe tsohon sai ya tambaye ni yaya na bar yara, ni da ko aure ban yi ba.

Na dawo gida na tarar abokina na Yanbu ya gaji da jira ya koma. Na sami mahaifina a zaure na kwashe komai na faɗa masa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ashe yana nan da ransa. Har yanzu yana da surutu?"

"Baba, daga Damagaram muke?"

"Hanya ce mai tsawo."

"To yayar taka fa?"

Ya daɗe yana kallon ƙofa. "Mutane da yawa muka bari a hanya," ya ce, ya tashi ya ɗauki buta.

Na shiga ciki wurin mahaifiyata tana tankaɗe, na tambaye ta ko ta san asalinsa. Ta ce ita dai a nan Madina ta gan shi, kuma lokacin da ya zo neman aurenta cewa ya yi shi Bakatsine ne.