Kwana Talatin Marasa Ƙarewa

A shekarar riƙon ƙwarya, bayan soja sun kawar da mai tazarce, ni ce sakatariyar wata ƙungiyar manoma a Gazawa. Buron, wato ofishinmu, ɗaki biyu ne. Ɗaya na Alhaji, shugaban ƙungiya. Ɗayan kuma ni da buhunan iri da kwamfuta muke rabawa, ordinata kamar yadda kowa ke ce mata. Ita kaɗai ce ke shiga intanet a iya sanina a garin, ta wani ɗan kile mai katin waya a ciki, wanda nake ratayawa a taga da doguwar igiya don ya kama reso, wato sabis.

Ayyukana a kanta uku ne. In goge ta da safe, in lulluɓe ta da zane in za a tashi, sannan duk Juma'a ta huɗu in mayar mata da kwanan wata baya.

Ga yadda na ukun ya samo asali. Can baya wani malamin lakol, makarantar boko, ya zo buga takarda, kilensa na ajiyar takardu ya shigo mana da birus, cutar ordinata, birus ya lamushe sunayen 'yan ƙungiya kaf. Wata biyu muka yi muna sake tattara su daga ƙauyuka. Daga ranar Alhaji ya zama wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Ya kira ɗan ƙanwarsa, wani mai gyaran ordinata a Maraɗi, ya zo ya sa mana antibirus. Na gwaji ne, kwana talatin kyauta, daga nan sai a saya. Mai gyara ya ce saye na waɗanda ba su da wayo ne. Ya nuna mini ɗan agogon da ke kusurwar allo, ya ce kafin kwana talatin su cika in mayar da shi ranar da aka sa antibirus ɗin. Muddin bai ga kwana na talatin da ɗaya ba, zai yi ta aiki. Ranar da ya gani kuwa ya mutu ke nan, ko an sake ja da agogo baya ba ya tashi.

Alhaji ya raɗa masa suna maigadi. Fiye da shekara guda maigadi yana zaune cikin wata ɗaya, damina ta zo ta wuce bai sani ba, aka yi juyin mulki bai ji ba. Na taɓa ce wa Alhaji a waje an gama da tazarce, mu kuma muna ta namu a cikin buro. Bai yi dariya ba. Ya ce in riƙa sanin abin da zan yi wasa da shi.

Ina da wa, shi ne ɗan farin Inna. Magini ne, ya shekara huɗu a wani gari a kudancin Libiya. Ana tsakiyar hidimar zaɓe, an yi zagaye na farko ana jiran na biyu, sai yaƙi ya ɓarke can. Ya kira ni sau ɗaya, muryarsa na zuwa tana ɗaukewa. Abin da na iya tsinta shi ne layuka na mutuwa, kuma akwai wani ɗan Tasawa a wurinsu da ya san inda ake samun intanet, zai sa shi ya rubuto mini a akwatin saƙona. Daga nan waya ta yanke. Na kira har na haddace muryar matar nan mai cewa ba a samu.

Washegari na zauna zan buɗe akwati, shafin ya ƙi. Maigadi ya fito da wani allo mai launin ɗorawa, ya ce wannan wuri ba amintacce ba ne, ya rufe. Akwatin da nake buɗewa duk mako in aika rahoton ƙungiya, yau shi ne ba amintacce ba.

Babu abin da ban yi ba. Na kashe na kunna. Na zare katin kile na hura masa iska na mayar. Na ɗaure kilen a bakin gora na ɗaga shi sama da rufin kwano, masu wucewa suna tambaya ko tsuntsu nake kamawa. Abin haushi, shafukan labarai duk suna buɗewa. Ina ganin hotunan manyan motoci maƙare da mutane da katifu suna keto sahara, ina ƙura ido a kan kowace fuska, amma ƙofa ɗaya da nake nema ita ce a garƙame. Na kira mai gyara. Ya ce reso ne, in yi haƙuri. Na ce in reso ne, me ya sa yake zaɓen shafi kamar mai zaɓen tumatir? Ya ce yana da aiki, 'yan siyasa sun cika masa shago, sai bayan zaɓe zai leƙo. Ya ƙara da cewa kada in taɓa komai.

A rana ta uku Inna ta fara zuwa. Ta shimfiɗa tabarma a inuwar bishiyar bedi da ke ƙofar buro, da ƙwaryar gyaɗa tana ɓarewa. Ta ce gida zafi. Gidanmu kuwa ya fi buro inuwa nesa ba kusa ba. Amma Inna mace ce ta da, ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Tun muna yara in ya dawo daga tafiya, sai ta ba ni fura ta ce in kai wa baƙo. Yanzu ma ba ta ce mini komai ba. In na fito shan ruwa sai ta ɗago ta dubi fuskata, ta mayar da kai kan gyaɗa. Wannan duban ya fi mini zagi ciwo.

Mutane sun ce daga baya ai da na hau mota na tafi Maraɗi, ko Tasawa, na duba a can. Gaskiyarsu. Ina da goyo a lokacin, kuma Alhaji ya ɗauko aikin buga takardun wakilan zaɓe, ya ce ba inda za ni sai an gama. Amma ba zan ɓoye ba, har da taurin kai. Na'urar da nake gogewa kullum, nake lulluɓewa kamar jaririya, ita za ta tura ni wani gari neman labarin ɗan uwana? Na ce sai na ga abin da ya ture wa Buzu naɗi.

A kwana na tara na daina danna abubuwa, na zauna na karanta allon ɗorawar nan tun daga sama har ƙasa. Can ƙarƙashi akwai ƙaramin rubutu da ban taɓa kulawa da shi ba. Na buɗe. Ashe kowane shafi mai kalmar sirri yana tafe da wata takardar shaida, mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kamar katin ɗan ƙasa. Masu akwatin sun sabunta tasu kwanan nan. Maigadi ya duba ranar da ke jikinta, ya duba agogonmu, ya ga takardar ta fito daga shekarar da ba a shiga ba tukuna. A hankalinsa ta jabu ce. Na dubi ɗan agogon kusurwa, na ji kamar in mari kaina. Maigadi bai yi laifi ba, aikinsa yake yi da ƙaryar da na ciyar da shi da hannuna, Juma'a bayan Juma'a.

Na shiga wurin Alhaji na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara, don mutumin kirki ne, ban taɓa cewa ba shi ba ne. Ya tambaya in an gyara agogo me zai sami maigadi. Na ce zai mutu. Ya jingina da kujera ya ce to an gama magana. A makon nan kile nawa ke shigowa buron, na wakilai, na malamai, na kowane ɗan takara? In birus ya sake cinye sunayen mutane ana gab da rabon iri, wa zai tsaya gabansu? Ya ce rigakafi ya fi magani. Ya ce in ƙara haƙuri kwana goma, mai gyara zai zo, kuma in Allah ya so yayana lafiya lau yake.

Na ce masa kwana goma a Gazawa daban, kwana goma a inda ake harbi daban.

"Ɗiyata," in ji shi, "ordinata ta ƙungiya ce, ba ta gidanku ba. Kin ji mi na ce."

Na ji. Ya tafi sallar azahar ya bar ni da makulli, kuma da na so da na yi abina a bayansa, in ce ban san yadda aka yi ba. Sau biyu hannuna na kai kan agogon ina janyewa. Ba tsoro ba ne. Na gaji da yi wa na'ura ƙarya, ba zan soma yi wa mutum ba. Na jira har ya dawo. Na fita na ce wa Inna ta shigo, ta ce me za ta yi a ciki, na ce fanka ake kunnawa. Ta shigo ta rakuɓe a kan buhun wake. Sannan na leƙa na ce wa Alhaji ya zo ya gani da idonsa, don kada wani ya ba shi labari.

Yana tsaye a bakin ƙofa da carbi na rubuta ranar gaskiya, da wata, da shekara. Na danna.

Nan take allo ya yi ja. Maigadi ya ce wa'adinsa ya ƙare, ba ya kare komai kuma. Alhaji ya yi salati a hankali. Ni ko kallonsa ban yi ba, na buɗe akwati, shafin ya shigo salin-alin kamar bai taɓa gardama ba.

Saƙo uku na tarar, cikin Hausar ɗan Tasawa mai rubutun Faransanci. Na farko ya ce yana lafiya, suna ɓoye su da yawa a gidan da suke ginawa. Amma duk abin da ya tara a shekara huɗu kaya ne, injin ban ruwa da keken ɗinki da sauransu, kuma masu mota ba su ɗaukar kowa sai da jaka ɗaya. A tambayi Inna, ya zauna ya tsare kayan har ƙura ta lafa, ko ya taho hannu rabbana? Abin da ta ce shi zai yi. Na biyu ya ce an shiga gidan maƙwabtansu, kuma yana jiran amsa. Na uku layi biyu ne, na jiya Laraba. Motar da 'yan garinmu suka samu za ta tashi ranar Juma'a bayan masallaci, wato gobe ke nan, ba a san ko akwai wata ba. In bai ji komai ba, zai zauna.

Na karanta su da ƙarfi. Na juya na ce, "Inna, mi za a ce mishi?"

Ta dubi Alhaji, ta dubi ƙasa. Na ga tana kokawa da kunyar shekara arba'in a gaban namijin da ba danginta ba. Sannan ta gyara lulluɓi.

"Ki ce ya taho. Ko tsirara ne ya taho. Ni ban haifi keken ɗinki ba."

Haka na rubuta, ban canja ko kalma ɗaya ba. Na aika sau uku don kada a ce bai je ba.

Alhaji ya bari har na gama. Sannan ya miƙo hannu, na zare makullin buro daga bakin zanena na sa masa. Ya ce ba zai iya aiki da wanda ya hana abu ya yi a gabansa ba. Na ce na sani, shi ya sa na yi a gabansa. Na lulluɓe ordinata da zanenta kamar kullum, na ɗauki goyona, Inna ta ɗauki ƙwaryarta. An yi ta zuwa ana cewa in je in ba shi haƙuri, zai mayar da ni. Na ce in na taka shi a wani abu daban zan durƙusa har ƙasa, amma ban da wannan. Na ji labari bayan zaɓe mai gyara ya zo ya sa wani antibirus, wanda dama can kyauta ne, ba ya bukatar a yi masa wasa da agogo. Ko shayi bai gama sha ba ya kammala.

Yayana ya iso bayan mako uku, ta Dirku da Agadas, a bayan wata babbar mota. Ya rame har sai da na gane shi ta tafiya. Jaka ɗaya ce a hannunsa, da jarkar ruwa naɗe da buhu. Inna na jin sallamarsa ta shige ɗaki, ta aiko ni da fura.

Ya sha ya ajiye ƙwarya. Na fara ba shi labarin maigadi da agogo, ina so in ba shi dariya. Bai yi ba. Ya ce shi tun farko bai kawo wata na'ura a ransa ba. Kullum da hantsi yana bin bango ya je wurin ɗan Tasawa a duba masa, kullum a ce babu komai.

"Na ɗauka kin karanta mata," in ji shi. "Na ce shirun nan na Inna ne, kin san yadda take da ni. Na ce kunya take ji ta ce in dawo ba komi a hannu. Ranar Alhamis har na ba wani wurina a mota. Sai da hantsin Juma'a aka karanta mini amsarku."

Na tambaye shi yaya aka yi ya samu wani wurin. Ya ce bai samu ba, a kan ƙofar baya ya zauna, ya ɗaure ƙugunsa da igiya har Dirku. Ya ɗaga riga ya nuna mini shaidar. A cikin ɗaki na ji Inna ta daina motsi.